Inda Ƙanƙara Ta Kwana

Shekara goma sha huɗu ina kashe filin nan da hannuna.
Duk Disamba, tsakar dare, in jawo tiyo daga ɗakin wanki,
in malala ruwa siriri, in jira ya daskare, in ƙara,
har farfajiyar baya ta koma madubi,
don Halyna ta ɗaura takalmanta masu bakin wuƙa
ta yi ta kewaye, tana faɗuwa tana tashi, hanci ja wur.
Afrilu na zuwa ƙanƙara ta saki,
a tarar ciyawa ta mutu murus, sai taɓo.
Ban taɓa ba ta haƙuri ba.

Bana shekara shida da komawar yarinyar Halifax.
Na ce to, Orest, biya ƙasa bashinta.

Na sayo iri a shagon Fedoruk, buhu ɗan kilo biyar.
Na buɗe na damƙa: ba nauyi, ba ƙamshi,
kamar gashin da ke zuba a ƙafar mai aski.
Da kakana Wasyl zai leƙo ya gan ni,
shi da ya ƙarar da gwiwoyinsa a dajin Manitoba
yana tumɓuke ciyawa don alkama ta sami wuri,
da ya tofar da yawu ya koma ya kwanta.
Jikansa ga shi da kuɗi a hannu yana sayen abokiyar gaba,
wadda ba saniya, ba doki, ba mai ci.

Kwana uku ina bin ƙasa da manjagara.
Na tono duwatsu cike da bokiti biyu,
da safar hannu ɗaya, ja, ta ɗan yaro.
Wannan na sa a aljihu.

Madam Desjarlais ta jingina da shinge, kofi na tururi:
"Kada ka binne shi, ai ba gawa ba ne.
Yafa masa ƙasa kaɗan, yadda ake yafa wa jariri zane."
Na watsa daga gabas zuwa yamma,
na sake daga kudu zuwa arewa,
na bi da bambaro, na kewaye da igiya da tsummoki.
Tsuntsaye suka jeru a kan waya suna jiran in juya baya.
Na juya. Kowa da rabonsa.

Sai ban ruwa, safe da yamma,
yayyafi kawai, kada iri ya yi iyo.
Kwana biyar, shiru.
Kwana takwas, sawun karen wani a tsakiya, huɗu ras.
Agwagin daji suka wuce kudu suna surutu a kaina,
dare ya fara cizo.
Na ce Fedoruk ya sayar mini da ƙaiƙayi.

Ran na goma igiyar takalmina ta kwance,
na durƙusa,
sai ga shi.
In kana tsaye ba ka ganin komai.
Sai ka kai kunci kusa da ƙasa,
rana na fitowa ta gefe,
ka ga allurai kore shar, dubu a kan dubu,
kowace da ɗigon raɓa a ka, ba ta zubar ba.
Na daɗe a nan har wandona ya jiƙe.

Jiya waya ta yi ƙara.
"Tato, muna tafe Kirsimeti. Danylo ya cika huɗu,
mun saya masa takalman farko.
Za ka zuba ruwa?"

Na dubi taga. Ko askin fari ba a yi mata ba.
Iska na bi ta kanta tana kwanciya tana miƙewa.

Na ce, "Lamba nawa yake sawa?"

Da na ajiye waya na sauka ƙasa na duba tiyo ko yana yoyo.
Ragowar irin, rabin buhu,
na ɗaure bakinsa tam,
na ɗora inda ɓera ba ya kai wa.