Kalma Dubu Uku

Malama Hollingworth ta ce kalma dubu uku,
a kan yunwa, kafin Litinin.
Na hau bene na huɗu na ɗakin karatu,
ruwa na ƙwanƙwasa taga kamar mai bin bashi,
Liverpool ta yi duhu tun la'asar sakaliya.
Na rubuta "ƙarancin abinci."
Na goge.
Ƙaranci shi ne gishiri ya gaza a miya.

Abin da kakata Goshi ta gani
ba ƙaranci ba ne.
Ta ce a shekarar, mata sun fita da fartanya
sun tona gidan tururuwa,
suna ƙwace mata ajiya ƙwaya-ƙwaya.
Sun share ƙarangiya, sun sussuka, sun daka,
ƙaya cike da yatsu,
garin bai rufe tafin hannu ba.
Anza kuwa sai ta yi kwanaki a ruwa
kafin ɗacinta ya yi sassauci.
Ba ta taɓa kama sunan ƙanenta ba,
iyaka ta ce, "Mu biyar muka shiga,
mu huɗu muka fita,"
ta ci gaba da tsince dutse a wake.

A wane layin jadawali zan sa wannan?

Ƙarfe shida ina ɗaura kyallen aiki
a shagon burodi kusa da tashar jirgin ƙasa.
Ƙarfe goma mai shago ya ce a ƙirga saura.
Jiya talatin da ɗaya:
mai cuku, mai ƙwai, mai kifin gwangwani,
babu wanda ya yi ko tsami.
Takardar jikinsu ce ta ce sun mutu.
Ni na riƙe bakin baƙar leda,
Orla na zubawa.

Ban san sanda na yi bisimilla ba.
Ta ɗago ta dube ni,
na ba ta labarin tururuwa, a gajarce.
Ta yi shiru, ta share hannu a cinya.
Ta ce nata kakannin a jirgin ruwa suka iso garin nan
shekarun da dankali ya ruɓe a ƙasa.
Ta ce har gobe uwarta
ba ta fere dankali da kaurin ɓawo,
kuma ba ta san dalili ba.
Muka ɗaure ledar.
Biyu sun maƙale a aljihun rigar sanyinta,
biyu a nawa.
Na bai wa dattijon da ke kwana a gindin banki ɗaya,
ya juya shi, ya ce shi ba ya cin kifi.
Na yi dariya har na ji kunya.
Ashe mai yunwa ma yana da baki.

Na dawo ɗaki na buɗe littattafai.
Sun iya lissafi, ban raina musu ba:
damina nawa ta yi gardama,
mudu ya kai nawa, wa ya ɓoye buhu.
Ni kuma ina rubutu ina gutsurar burodin,
ɓarɓashi na faɗawa tsakanin haruffa.
Wa ya ba ƙosasshe izinin bayanin yunwa?
Amma in na yi shiru
tururuwa kaɗai ke da labarin.

Daren Lahadi na kira gida.
Kafin sallama ta sauka Umma ta ce,
"Kin ci abinci?"
Na ce na ci.
Na ce, "Umma, ƙanen Goshi, yaya sunansa?"
Na ji ta ajiye ludayi.
Can nesa akuya na kuka.
Ta ce, "Wallahi ban taɓa tambaya ba."

Kalma dubu biyu da ɗari tara da casa'in da tara.
Haka na miƙa.