Na Goma Sha Tara

Ranar Talata na gangara Porto cikin yayyafi,
na ƙirga wa Gaspar yuro ashirin da biyu.
Ya naɗe littafin a takarda kamar mai sayar da kifi,
bai yarda mun haɗa ido ba.
Tun a nan ya kamata in gane.

Shekara ashirin da shida ke nan
ina bin Leocádia mai fito a kogin Douro,
tun tana yarinya da faso a dunduniya,
tana haye da sojojin Faransa don abin sawa a baka,
tana zaginsu a ciki.
Amândio ke karanta mini da dare,
ni kuwa ina jiƙa hannuna a ruwan lemun tsami,
ko ƙarnin kifin gwangwani zai bar ni in yi barci.
A na goma sha huɗu ya tsaya.
Tikitin motarsa na nan a shafi na ɗari biyu da uku,
ban taɓa gusar da shi ba.

To, malam marubuci, zo mu yi ta.
Karen nan Farrusco, ai mun binne shi.
A na bakwai, gindin ɓaure, bayan ambaliya.
Mijina ya cire tabarau ya ce hayaƙin murhu ne,
alhali wutar ta daɗe da mutuwa.
Yau ga shi a shafi na arba'in yana haushi,
ba fatalwa ba, ba mafarki ba.
Mantawa ka yi.
Kai ka haife shi, mu muka yi zaman makoki.

Leocádia kuma ta koma magana kamar lauya.
Tana cin abinci da janar-janar,
shafi uku cur a kan maɓallan rigarsu.
Ina kantar hannunta? Ina bashin mai gishiri?
Kogin ma sai da na kai tsakiya
ya leƙo sau ɗaya ta taga, kamar maƙwabcin da aka ɓata da shi.
Mugun kyaftin ɗin da teku ta ci sau biyu
ya sake fitowa, ko tari ba ya yi.

Na san kunun da ake ta ƙara wa ruwa
don baƙi sun ƙi tashi.
Na dama irinsa.
Amma ban taɓa karɓar kuɗin kowa a kai ba.

Na rubuta maka wasiƙa, shafi biyar,
tana cikin gwangwanin shinkafa.
A bangon baya an ce na ashirin na tafe da bazara.
Gaspar ya bugo waya, wai a ajiye mini?
Na ce masa ina da abu a wuta.

Da dare na sauko da na bakwai,
na juyo kujerar Amândio ta fuskance ni,
na karanta da ƙarfi, da muryata mai rawa,
tun daga ambaliya har gindin ɓaure,
na sake binne karen.