Layi

Ƙarfe biyun dare a Naraguta,
shayi ya huce, yatsu sun ƙage.
Kwana uku aikina yana bin layi,
da ya samu shiga, daƙiƙa tara ya yi, ya mace.

A kwamfutata garau yake gudu.
Can kuwa injuna ɗari biyu,
kowanne ɗaki ne shararre ƙal,
bai san sunana ba
balle inda nake ajiye kaya.

Davou ya dunguri allon da biro:
"Sigar bara kika kira.
Hanyar ma ba ki faɗa musu ba."

Layi ɗaya tak na gyara.
Na koma bayan mutum arba'in
da lissafin ruwan bana a hannu,
dankalin Bokkos na jirana.