Labulen Dolkar

Shekara sittin na yi a Hanle
ina jiran wutar lantarki.
Da fitilar man shanu na haifi 'ya'ya biyar,
da ita na rufe idon Lobzang mijina.
Ran da ƙwan lantarki ya kama a ɗakina
na zauna ƙarƙashinsa har gari ya waye,
ina ƙirga tsagar bangon da ban san da ita ba.

Kwatsam sai ga mutanen kan dutse,
masu leƙen sama da ƙaton madubi.
Suka ce, Iya, haskenki yana zuba waje.
Na ce, zuba? Sai ka ce nonon yak?
Suka ce har sama yake malala,
yana wanke ƙananan taurari.
Na yi dariya har shayina ya huce.
Abin da na tsufa ina jira,
yau shi za a yi wa lulluɓi!

Amma na ɗinka.
Baƙin gashi, ninki biyu,
sanyi na cizon yatsa, allura na taya shi.
Taga uku, labule uku.
Maƙwabta suka kifa wa fitilunsu hula,
direbobi suka koyi sunkuyar da idon mota
tun daga bakin kwari,
kamar suruki a ƙofar gida.

Yanzu jikata Yangdol ce ke fito da madubi tsakar gida
idan rana ta faɗa bayan duwatsu.
Baƙi na zuwa, leɓe a tsage, numfashi sama-sama.
Daren jiya wani mutumin Delhi,
furfura ta fara masa sallama,
ya nuna farin zanen nan da ya ratsa sama
ya ce, hayaƙin me ke nan?
Yangdol ta ce, taurari ne.
Ya yi shiru.
Ya yi ta shiru har na ji tsoro.
Na miƙa masa shayi mai gishiri,
hannunsa na rawa, ba duka sanyi ba ne.

Ni da na yi kiwo a ƙarƙashinsu tun ina yarinya
ban taɓa zaton abin kallo ba ne.
Kaza da 'Ya'yanta ke gaya mini lokacin barci,
Gamzaki ya tashe ni tatsa.
Ashe akwai inda suka ƙare,
kamar rijiyar da aka cika da yashi.
Ashe duhu ma dabba ne,
in ba a yi kiwonsa ba, ya bar gari.

Yangdol ta ce, Kaka, zo ki gani.
Na kanne ido ɗaya na leƙa:
wani ɗan ƙwai ne sanye da zobe,
shi kaɗai, can, ba ruwansa da kowa.
Na ce, wa ya yi masa baiko?

Na koma ɗaki, na ja labule,
na kunna wutata. Tawa ce, a ciki.
Akwai wata 'yar ɓula a kusurwar hagu
inda haske ke satar fita.
Gobe da safe, in yatsu sun yarda,
zan toshe ta.