Kafin Rana Ta Faɗi

Ranar Laraba, a Zumuntar Mata,
ni aka miƙa wa Littafin,
don tabarau nawa ya fi na kowa ƙarfi.
Na karanta inda aka gargaɗi mai fushi
ya sauke kayansa tun da sauran rana.
Har bayani na ƙara, ni Asabe,
ana gyaɗa kai, ana amin,
na dawo gida ina jin daɗin bakina.

Ranar Juma'a na shanya kuɓewa.
Kwana biyu ina yanka, wuƙa ta sha yatsana,
tabarma guda, fal, a bayan danga,
kuɗin makarantar Sila ne, jikana.
Na shiga ɗaki in miƙe bayana.
Da na fito, awakin Keziya uku
sun hau tabarmar kamar an gayyace su suna,
uwarsu na tauna tana kallona.

Abin da na faɗa ba na takarda ba ne.
Har masu jiran magani a ƙofar asibiti sun ji.
Na tono tukunyar da ta ara bara waccan,
na haɗa da surukarta, wadda ba ta ci kuɓewa ba.
Keziya ba ta ce uffan ba. Ta kora awakinta.

Sai ayar ta zo ta zauna a bakin murhuna.
Na ce, ke ta Laraba ce, yau Juma'a.
Ta ƙi tashi.
Na ɗaga kai, rana na bisa darbejiya,
na ce da saura, bari in tuƙa tuwo.
Na tuƙa, ya yi gudaji.
Ta gangara ta kama hanyar Batsari,
na ce bari maƙwabta su yi la'asar tukuna.
Suka yi, suka naɗe tabarmi.
Na ce, Ubangiji, ni fa aka yi wa ɓarna,
wa ya taɓa ganin gona ta bi akuya da ban haƙuri?
Ban ji amsa ba. Inuwar rumbu dai
ta yi ta tsawo har ta kama gefen zanena.

Ashe aya a baki auduga ce,
a kai kuwa dutsen niƙa.

Ana kiran magariba na ɗaura kallabi.
Ina tafe ina jera yafiyata
kamar mai kai gara, don a gani a yaba.
Na tarar ta yanke igiyar gugarta
tana ɗaure uwar awakin a turke.
Kafin in buɗe baki ta ce, Asabe, zauna.
Ta turo kwano, busasshiyar kuɓewa, tata,
bai kai rabin abin da na rasa ba,
amma na leƙa buhun, ba ta rage ko tsinke ba.
Sai jikarta, mai bakin nan kamar reza, ta ce,
Iya, ba kajinta ne suka cinye mana irin gero ba,
kika ce kar mu faɗa?
Keziya ta harare ta. Ni na sunkuyar da kaina.

Wata huɗu ke nan ina ci ina sha
cikin yafiyar da ban san an yi mini ba,
ni mai tabarau, ni mai bayani.
Ita ko, in an buɗe Littafin a majami'a,
kwanon rufi take kallo, ba ta san baƙi ba.

Rana ta riga ni, ban musa ba.
Da tocila na dawo, kwanon a kaina.
Ban sani ba ko a sama
da faɗuwar ranar Babbar Ruga ake lissafi,
ko akwai rangwame ga tsohuwa mai ciwon gwiwa.
Sila dai ya cinye tuwon da gudajinsa,
ya ce miyar ta fi ta kullum yauƙi.

Laraba mai zuwa, in an miƙo Littafin,
zan karanta, tabarau ai nawa ne.
In aka ce a yi bayani,
zan ce a tambayi mai awaki,
ga ta can a bencin baya, ba na kusa da ni ba.