Baruwanka

Ran Lahadi da hantsi, a Bagalam,
na ɗebo jarka biyu daga famfo.
Baruwanka ya hango,
ya shige ƙarƙashin amalanke.

Fito, malam, yau da ruwanka!

Na kama wuya, Tsahara ta kama ƙafa,
sabulun salo ya yi kumfa bisa gadon baya.
Kaska bakwai na cire bayan kunne,
ɗaya ta ƙoshi kamar ƙwayar gujiya.

Kaka daga gindin bedi:
"Ku matsa da shi nesa da butata!"

Sai ya girgije.
Na jiƙe, Tsahara ta jiƙe,
har shanyar Inna ta sami rabonta.

Muka sake shi fes.
Ya nufi tokar murhu,
ya kwanta, ya yi birgima,
yana kallona.