Wasiƙun da Jirgi Ya Rubuta

Kashi na goma ya ƙare ƙarfe ɗaya saura,
allon waya ya yi baƙi, ya miƙo mini fuskata.
Ina kan tabarma a tsakar gida, nan Runjin Sambo,
siminti bai gama amayar da zafin yini ba,
babu wuta tun la'asar,
janaretan maƙwabta ma ya yi tari ya haƙura.

Mako goma ina bin mutanen nan.
Su bakwai cikin jirgi, sun bar wata a baya, sun bar rana,
suna neman wata duniya mai ruwa.
Na san wanda ke satar sukari,
na san mai gyaran injin da ke zagin kusoshi,
na san matuƙiyar da ba ta runtsawa
sai an karanta mata saƙon gida.
Duk Alhamis Modi mai tura fim na hango ni zai ɗaga murya:
"Ɗan sama jannati, naka ya sauka!"

To ashe babu wani saƙo.
Tun shekara ta biyu igiya ta tsinke tsakaninsu da gida.
Na'urar jirgin ce,
mai muryar nan kamar ruwan randa,
ke zama cikin dare tana ƙaga wasiƙu:
'yarki ta yi haƙori, 'yarki ta shiga makaranta,
bana an yi damina, lemun ƙofar gida ya yi 'ya'ya.
Shekara tara.

Matuƙiya ta tsaya, yatsanta a kan maɓallin kashewa.
Ta ce, don me?
Na'ura ta ce, na auna iskarku, na auna ruwanku,
na ga ba su za su fara ƙarewa ba.

Sai duhu. Sai sunaye suna hawa sama.
Wai mu tara baɗi.

Waya ta hau tsuma.
Yalli daga Mabera: "Makira ce, a kashe ta!"
Bagudu ya ce an ci mana kuɗin caji a banza,
shi yaƙi ya zo gani, aka ba shi kuka.
Suna jiran nawa,
ni da ban taɓa barin gardama ta kwana ba.
Na rubuta, na goge. Na kife wayar.

Inna ta yi tari a ɗaki.

Shekara uku ke nan da Ladan ya bi ta Illela,
Ƙonni, Agadas, sai rairayi.
Sau ɗaya ya kira daga Sabha, iska na cinye rabin maganarsa.
Daga nan lambar ta zama wata mata
mai ba ni haƙuri da harshen da ba na ji.

Duk Juma'a nakan shigo da fara'ata:
Ladan ya bugo, kina salla.
"Mi yac ce? Shina lahiya?"
Lafiya lau. Ya samu aikin fenti. Ya yi ƙiba.
Ya ce ki rage goro.
In zaro dubu biyar daga kuɗin walda,
in ce ga shi, in ji shi.
Takan juya kuɗin, ta shinshina,
ta ɗaure a bakin zane.

Yau na lura da abin da ban taɓa lura ba:
ko sau ɗaya ba ta ce in kira shi ta ji muryarsa ba.
Ko sau ɗaya.

Na kwanta rigingine.
Taurari sun cika saman Sakkwato, kamar an zubar da gero,
wani ɗigon haske na ratsa su a hankali, ba ya ƙyaftawa.
Ban san ko matuƙiya za ta danna ba.
Waɗanda suka rubuta ta suna da shekara guda su yi shawara.

Ni gobe Juma'a,
ban ma shirya abin da zai ce ba tukuna.